Yadda Za Ka Zaɓi Cikakkiyar Fistol Mai Jikin Roba Don Tsaron Gida a Amurka

Wannan jagorar ta 'yan'uwa ce mazauna Amurka, waɗanda doka ta yarje musu su mallaki bindiga, suka kuma zauna da iyalinsu suka yanke shawarar ajiye ɗaya a gida. Wanda ke karantawa daga Kano ko Kaduna ya san cewa a Najeriya dokar bindigogi ta 1959 ta sa fistol cikin makaman da aka haramta wa farar hula, don haka maganar nan ba tasa ba ce, sai dai don ƙarin sani. A Amurka lamarin daban yake. Gyara na biyu na tsarin mulkinsu ya ba mutum 'yancin riƙe makami, kuma a 2008, a shari'ar Heller, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa 'yancin ya haɗa da ajiye ƙaramar bindiga a gida don kare kai.

Abin da na lura da shi ga mutanenmu shi ne, in mutum ya yi niyyar saye, tambayarsa ta farko ita ce: wacce ta fi kyau? Ni kuwa a ganina ita ce tambayar da ta fi kowace sauƙi. Fistololin manyan kamfanoni na yanzu kusan duk suna aiki yadda ya kamata. Inda ake kuskure shi ne wajen doka, da inda za ta kwana idan mai gida ba ya nan, da kuma dacewar bindigar da hannun mai ita. Da wannan tsarin za mu bi.

Ka fara da takardunka

Kafin ka taka ƙofar shagon bindiga, ka san matsayinka. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna iya saye a ƙarƙashin dokar tarayya. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta aiki ko ta ziyara, asalin hukuncinsa haramci ne, sai 'yan togaciya kaɗan, kamar mai lasisin farauta. Wanda ba shi da takardun zama kuwa, ko riƙe bindigar wani laifi ne babba. Ga duk wanda bai zama ɗan ƙasa ba tukuna, laifin da ya shafi bindiga yana cikin dalilan da ake korar mutum daga ƙasar, ko da yana da katin zama. Idan kana da ko ɗan kokwanto, kuɗin ganin lauyan shige da fice sau ɗaya bai kai asarar zaman shekaru goma ba.

Shagon da ke da lasisin tarayya ba ya sayar da fistol sai ga wanda ya kai shekara 21. Za a ba ka takardar da ake kira fom 4473 ka cike, sannan a tura sunanka ga tsarin binciken da hukumar FBI ke gudanarwa tun 1998. Yawanci amsa takan zo cikin mintuna. Tambayoyin da ke kan takardar ba na wasa ba ne. Wanda aka taɓa samu da babban laifi, ko da laifin dukan iyali komai ƙanƙantarsa, ko mai shan wiwi ko da jiharsa ta halatta ta, duk dokar tarayya ta hana su. Yin ƙarya a takardar laifi ne mai kai mutum gidan yari.

Akwai wani abu da mu musamman ya kamata mu kiyaye. Mun taso da zumunci, in ɗan'uwa ya ce ka sayo masa abu, kunya ba ta bari ka ce a'a. To, ban da bindiga. Ka saya da sunanka alhali ta wani ce, wannan laifi ne a dokar tarayya, kuma kai ne za ka fara shiga hannu. Ko aminin da kuka taso unguwa ɗaya ne, ka ce masa ya je da kansa.

Bayan ta tarayya sai dokar jiha, kuma nan ne bambanci yake da yawa. A Texas ba a neman wani izini na musamman kafin saye. A New York sai ka samu lasisin fistol, wanda a cikin birnin yakan ɗauki watanni. Illinois tana buƙatar katin shaidar mai bindiga da ake kira FOID, da jiran awa 72. Maryland tana da nata lasisin cancanta mai haɗe da horo da ɗaukar zanen yatsa. California tana sa jiran kwana 10, kuma tana da jerin samfuran da aka yarda shaguna su sayar, wanda ba ya cikinsa ba za ka same shi sabo ba. Jihohi irin su New York, New Jersey da California sun taƙaita gidan harsashi ga guda 10. Wannan ya shafi zaɓinka kai tsaye, domin ɗaya daga cikin fa'idodin babbar fistol shi ne ɗaukar harsashi 17 ko fiye.

Akwatin ajiya kafin bindiga

Na sa wannan a mataki na biyu da gangan. Gidajenmu ba irin na mutum ɗaya da karensa ba ne. Akwai yara, akwai 'ya'yan 'yan'uwa da ke zuwa ƙarshen mako, akwai baƙon da ya sauka daga gida zai yi wata uku, ga taron suna da na sallah da falo ke cika. Alƙaluman hukumar lafiya ta CDC sun nuna cewa daga 2020 bindiga ta zama kan gaba wajen kashe yara da matasa a Amurka, ta wuce haɗarin mota. Kuma fiye da rabin mutanen da bindiga ke kashewa a ƙasar kowace shekara, su ne suka kashe kansu. Ba na faɗin haka don in tsorata kowa. Ina faɗa ne domin wanda ya kawo bindiga gida don ya kare iyalinsa, sannan ya ajiye ta ƙarƙashin matashi ko saman kwaba, ya shigo da haɗarin da ya fi ɓarawon da yake tsoro.

Kada ka ce yaro bai san inda take ba. Yaro ya san duk wani lungu na ɗakin iyayensa.

Abin da kake buƙata ƙaramin akwatin ƙarfe ne mai buɗewa da sauri, wanda za a ɗaure da ƙusoshi a jikin gado ko bango yadda ba za a ɗauke shi gaba ɗaya ba. Iri uku aka fi samu: mai maɓallai na inji wanda ba ya amfani da batir, mai lambobi na lantarki, da mai karanta zanen yatsa. Ni na fi natsuwa da na inji, saboda ba ruwansa da mutuwar batir, kuma yatsa mai gumi ko jiƙaƙƙe ba ya hana shi buɗewa. Idan ka zaɓi na lantarki, ka sa ranar canza batir a kalanda. Ka auna cikinsa tukuna, domin babbar fistol mai tocila a maƙale ba kowane akwati take shiga ba.

Sannan ka yi wa kanka tambayar da ba a son yi. Akwai wani a gidan da ke fama da matsananciyar damuwa? Akwai rikicin aure mai zafi? Kai kanka, yaya fushinka yake? Idan amsar ta sa ka yi jim, ka dakatar da maganar saye. Ƙofa mai ƙarfi, fitilar waje mai kama motsi da ƙararrawar tsaro suna nan, kuma ba su taɓa kashe ɗan gida ba. Wanda ke cikin ƙunci, lambar wayar 988 ta agajin masu tunanin kashe kansu a buɗe take dare da rana a faɗin Amurka.

Me ya sa babba, me ya sa roba

Mutane da yawa, musamman in za su saya wa uwargida, sukan nufi 'yar ƙarama, a tunaninsu ita ce mai sauƙi. Akasin haka ne. Ƙaramar fistol an yi ta ne don a ɓoye ta a ƙugu. Ba ta da nauyi, mariƙinta gajere, don haka shurinta yana da zafi, ga wuyar saiti. Cikakkiyar fistol tana da bututu mai tsawon inci 4 zuwa 5, mariƙin da duk yatsu ke samun wurin zama, da nisa tsakanin saitin gaba da na baya wanda ke sauƙaƙa auna abu. Tunda a akwati za ta zauna ba a aljihu ba, girmanta ba matsala ba ne.

Maganar roba kuma, kada kalmar ta ruɗe ka. Ba robar bokiti ba ce. Wani haɗi ne mai ƙarfi da ake yin gangar jikin ƙasa da shi, watau mariƙi da kewayen kunama. Bututu da ɓangaren sama mai zamewa duk ƙarfe ne. Kamfanin Heckler & Koch na Jamus ne ya fara fitar da irinta a 1970 da samfurin VP70, amma wadda ta sauya kasuwa ita ce Glock 17, da Gaston Glock ya ƙera a Ostiriya, sojojin ƙasar suka karɓe ta a farkon shekarun 1980. Da farko an yi ta raina ta, yau kuwa yawancin 'yan sandan Amurka fistol mai jikin roba suke ratayawa. Ba ta tsatsa a jiki, ta fi ta ƙarfe zalla sauƙin nauyi da sauƙin kuɗi, kayan cikinta kuma ba su da yawa.

Harsashi: milimita 9, a wuce wurin

A nan ba sai an ja zance ba. FBI ta yi shekaru tana amfani da harsashin .40 mai ɗan ƙarin kauri, sannan ta dawo mai kaurin milimita 9, a 2016 ta ba Glock kwangilar sababbin fistololi, bisa hujjar cewa harsasan zamani na milimita 9 suna aikin da ake so, jami'ai kuma sun fi samun abin da suka auna da shi. Shurinsa da sauƙi, ya fi sauran araha, ana samunsa a kowane shago. Araharsa ce za ta sa ka riƙa zuwa atisaye.

Ka gwada a hannunka

Nan ne zuciyar al'amarin, kuma nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Gani ya kori ji. Filayen koyon harbi da yawa suna ba da hayar bindigogi, sai dai wasu ba sa ba wanda ya zo shi kaɗai, don haka ka kira ka tambaya, ko ka yi rajistar darasin masu farawa, malami ya tsaya a kanka. Idan uwargida ma za ta iya buƙatar bindigar wata rana, ku je tare, ita ma ta harba. Bindigar da mutum ɗaya kawai ke iya sarrafawa a gidan mutum biyu rabin amfani gare ta.

Ga waɗanda nake ganin sun cancanci gwaji. Glock 17 tana ɗaukar harsashi 17, bututunta kusan inci 4 da rabi, kuma babu wadda ta kai ta samun kayan gyara da gidajen harsashi a ko'ina. Mariƙinta ya ɗan fi na sauran kwanciya, wasu yakan dace da su, wasu kuma in sun miƙe hannu sai su ga bakin ya ɗaga sama. Smith & Wesson M&P9 M2.0 ita ma 17 take ɗauka, tana zuwa da bayan mariƙi guda huɗu masu girma daban-daban, kuma ana samunta da makullin babban yatsa mai hana ta tashi, ko babu. Walther PDP tana ɗaukar 18, an san ta da kunama mai daɗin ja. CZ P-10 F ta ƙasar Cek tana ɗaukar 19. HK VP9 ta fi kowa ba da damar daidaita mariƙi, domin har gefunan ana canzawa, abin da ke taimakon mai ƙaramin hannu. Mai ƙaramin ƙarfin aljihu ya duba Canik ta Turkiyya, wadda kuɗinta ya yi ƙasa da na waɗannan. Yawancinsu za ka same su tsakanin dala 500 zuwa 700, gwargwadon shago da lokaci.

SIG Sauer P320 tana buƙatar magana ta daban. Ita ce sojojin Amurka suka zaɓa a 2017 da sunan M17. A shekarar kuma kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta bayan an nuna tana iya tashi in ta faɗi ta wata kusurwa. Daga baya an shigar da ƙararraki da dama na mutanen da suka ce ta tashi ba tare da an ja kunama ba, kamfanin kuma ya musanta. Wasu hukumomin 'yan sanda sun daina amfani da ita, wasu suna nan da ita. Ra'ayina, tunda ga zaɓi da yawa da babu wannan muhawarar a kansu, sabon shiga ba shi da dalilin ɗaukar wadda zuciyarsa za ta riƙa ɗar-ɗar da ita.

Idan an miƙo maka bindiga a shago, ko da ka ga mai shagon ya duba, kai ma ka duba cewa babu harsashi, bakin kuma ya kalli inda ba kowa. Sannan ka riƙe ta sosai, tsakanin babban yatsa da manuni ya matse can sama a bayan mariƙi. Ka ɗora manuninka a kan kunama. Tsokar gaɓar farko ya kamata ta zauna a kai ba tare da ka karkata hannu ba. Idan sai ka juya mariƙin kafin yatsa ya kai, ta yi maka girma, a canza bayan mariƙi ko a kawo wata. Ka gwada danna maɓallin sakin gidan harsashi. Ka ja ɓangaren sama baya har ya maƙale, sau uku ko huɗu. Mai raunin hannu kada ya tsunkule shi da yatsu biyu, ya dafe shi da tafin hannu gaba ɗaya kusa da ƙirji, ya tura gangar jikin gaba da ɗayan hannun. Mata da dattawa da yawa da ke cewa ba za su iya ba, da wannan dabarar sukan iya nan take. Idan kai bahago ne, ka tambayi wadda maɓallanta ke aiki ta gefe biyu.

A filin harbi, ka harba ko da guda 20 da kowacce a nisan mita biyar zuwa bakwai, wanda shi ne kusan tsawon falo ko baranda a yawancin gidaje. Kada ka duba wacce ta fi burge ka a ido. Ka duba takardar da ka harba: da wacce ramukan suka fi taruwa wuri ɗaya, wacce kuma saitinta ya fi saurin dawowa bayan shuri. Sau da yawa wadda mutum ya zo da niyyar saye ba ita ke cin wannan gwajin ba.

Sai batun makullin babban yatsa. Galibin waɗannan fistololin ba su da shi. Kariyarsu a ciki take, ba sa tashi sai an ja kunama, wadda nauyinta ya kai kimanin kilo biyu da rabi. Wasu hankalinsu ya fi kwanciya in akwai makulli. Ba laifi, amma da sharaɗin ka saba da sauke shi har ya zama jiki, domin a lokacin firgici mutum yakan manta. Kuma kada ka taɓa ɗaukarsa a matsayin kariya daga yaro. Aikin akwati ne wannan.

Tocila, sannan harsashin gida

Cikin duk kayan da mai shago zai so ya haɗa maka, tocila ce kaɗai nake cewa dole. Akwai labaran baƙin ciki da yawa a ƙasar nan na mutumin da ya harbi inuwa cikin dare, aka kunna fitila ya ga ɗansa ne da ya dawo a makare. Ba ka harbin abin da ba ka gane ba. Cikakkun fistololi suna da wurin maƙala tocila a ƙarƙashin bututu, kuma Streamlight TLR-1 da SureFire X300 su ne aka fi sani. Sai dai ka gane, duk inda ka haska da tocilar bindiga, can bakin bindigar ke kallo. Don haka ka ajiye tocilar hannu daban a gefen akwatin, da ita za ka duba motsi. Saitin jan ɗigo, ƙaramin gilashi a saman bindiga mai nuna ɗigon haske a kan abin da ka auna, yana taimakon wanda idonsa ya fara rauni, yana da kyau ka sayi samfurin da aka yi wa gurbinsa, amma sa shi zai iya jira.

Harsashi iri biyu za ka saya. Mai dunƙulallen kai, mai araha, na atisaye ne. Na ajiyewa a gida shi ne mai rami a baki, irin Federal HST ko Speer Gold Dot, wanda ke buɗewa ya rage gudu in ya samu abin da aka harba, maimakon ya ratsa ya wuce. Mu da muka taso cikin ginin bulo da na ƙasa mukan manta cewa bangon cikin gida a Amurka katako ne da siririn allon farar ƙasa. Harsashin da ya kuskure yana ratsa irin wannan bango fiye da ɗaya, har mai ramin ma. Ka tsaya a ƙofar ɗakin kwananka da rana ka duba: bayan wancan bangon wa ke kwana? In a gidan haya mai hawa kake, maƙwabci yana gefe, wani yana ƙasa. New Jersey tana da ƙa'idoji na musamman kan mai rami, mazauna can su karanta su.

Bayan ka kawo ta gida

Ka karanta littafinta, ka goge ta, ka sa mata mai. A nan akwai tarkon da ya raunata mutane da yawa: Glock da wasu irinta sai an ja kunama kafin a kwance su. Saboda haka ka cire gidan harsashi tukuna, sannan ka ja sama baya, ka leƙa cikin bututu da ido, ka taɓa da yatsa, harsasai kuma suna wani ɗaki daban. Wanda ya juya tsarin, ya ja sama kafin ya cire gidan harsashi, ya ɗora sabon harsashi ne bai sani ba.

Kafin ka amince da ita, ka harba 'yan ɗaruruwan na atisaye, sannan aƙalla gida biyu ko uku na wanda za ka ajiye, ka tabbatar ba ta sarƙewa da shi. Ka sa abin toshe kunne da tabarau kullum, ƙarar milimita 9 tana kai wa kusan desibel 160, harbi ɗaya na iya lalata ji. Ka wanke hannu da sabulu bayan atisaye kafin ka ci abinci ko ka ɗauki jariri, saboda dalma. Ƙa'idoji huɗu da Jeff Cooper ya yaɗa su zama maka kamar karatun allo: ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kada ka nuna bakinta ga abin da ba ka shirya hallakawa ba, yatsa ya nisanci kunama sai ka saita, ka kuma san abin da kake harbi da abin da ke bayansa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku zauna da uwargida ku tsara abin da za a yi in an ji an fasa ƙofa: wane ɗaki za a taru, wa zai ɗauko yara, wa zai kira lambar gaggawa ta 911. Ba a fita farautar ɓarawo ɗaki-ɗaki, ko 'yan sanda ba sa yin haka su kaɗai. A taru, a kulle ƙofa, a kira, a ɗaga murya a sanar cewa an kira 'yan sanda. Talabijin da mota inshora na biyansu, kuma a yawancin jihohi doka ba ta yarda a kashe mutum don dukiya kawai ba, sai in akwai barazana ga rai ko mummunan rauni. Ka nemi darasin dokar kare kai ta jiharka, domin abin da aka yarda da shi a Texas ba lallai a yarda da shi a New York ba.

Idan 'yan sanda suka iso, ba su san waye mai gida waye ɓarawo ba, mutum kawai za su gani cikin duhu. Ka gaya wa mai amsa waya kamanninka da kayan da ke jikinka, ka kuma ce akwai bindiga a gidan. Kafin su shigo ka ajiye ta, tafukan hannunka a buɗe inda za su gan su, ka bi abin da suka ce ba gardama. Bayani dalla-dalla ya jira sai lauyanka yana zaune kusa da kai.